Tambayoyi da Amsoshi kan Haɗa Allon Shiga da Fita Tsakanin Kwamfuta da Ƙananan Ayyukan Lantarki

Duk wanda ya fara taɓa kayan lantarki don sha'awa, ba ya daɗewa sai ransa ya raya masa abu guda: ya danna wani wuri a kwamfuta, fitila ta kama a kan teburinsa, ko a buɗe ƙofa kwamfuta ta sani nan take. Abin da ke tsayawa a tsakiya shi ne allon shiga da fita. Na tattara tambayoyin da masu farawa suka fi yi, na amsa su da abin da na taɓa da hannuna. Za ka ga ina yawan komawa kan maganar kariya, kuma da gangan ne. A wurina allon da ke kunna fitila amma bai tsare kwamfutar ba, bai gama haɗuwa ba.

Mene ne aikin allon, kuma me zai hana in jona waya kai tsaye daga kwamfuta?

Aikinsa uku ne. Yana fassara, domin kwamfuta da lambobi take magana, su kuwa fitila da moto da makunni wuta suka sani. Yana ƙara ƙarfi, domin siginar da ke fitowa daga ƙwaƙwalwar lantarki ba ta da ƙarfin juya ko ƙaramar fanka. Sannan yana yin katanga, ta yadda idan ka yi kuskure a ɓangaren waje, ɓarnar za ta tsaya a kan ƙaramin IC, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu, da za ka iya cirewa ka sa wani, ba ta haura cikin kwamfutar ba. Fita ita ce umarnin da kwamfuta ke turawa waje. Shiga ita ce labarin da maɓalli ko ma'aunin zafi ko na haske ke kawo mata.

Na ga tsofaffin zane-zane suna amfani da mashigar firinta. Har yanzu ana bin wannan hanya?

A da ita ce hanya mafi sauƙi, kuma duk wanda ya yi aiki da ita ya san daɗinta. Mashigar tana da ƙafafu 25. Ƙafa ta 2 zuwa ta 9 su ne layukan bayanai guda 8, biyar na karanta hali, huɗu na sarrafawa, ta 18 zuwa ta 25 kuma layin ƙasa ne, wato na bolt sifili. Sai kawai ka rubuta lamba a adireshin 0x378: ka rubuta 1, ƙafa ta 2 ta hau kusan bolt 5, ka rubuta 255, duka takwas su hau. Ba direba, ba wani dogon tsari. Wasu kuma sukan haɗa kati a kan Intel 8255, wanda ke ba da layuka 24 a rukuni uku, su cusa shi cikin kwamfutar.

Yau kwamfutoci kaɗan ne ke zuwa da wannan mashiga, kuma Windows na zamani ba ya barin manhaja ta taɓa adireshin kai tsaye. Kada kuma wayar nan mai USB a baki ɗaya da kan firinta a ɗaya bakin ta ruɗe ka. Galibinsu da firinta kaɗai suke magana, ba za su bar ka ka ɗaga ƙafa ɗaya ka sauke ɗaya ba.

Tsohuwar mashigar siriyal, wato RS-232, ita ma tana da nata tarkon. Siginarta kan kai tsakanin bolt 3 zuwa 15, sama da sifili da ƙasa da shi, kuma lamba 1 ita ce ta ƙasa da sifili. Idan ka jona ta kai tsaye da ƙafar IC mai bolt 5, ka ƙona shi. Saboda haka ake sa MAX232, IC mai daidaita bolt ɗin, a tsakani.

To da USB yaya ake yi?

USB ta fito a 1996, kuma ba ta yi kama da mashigar firinta ba ko kaɗan. Ba ta da ƙafar da za ka ce wannan ta fitila ce. Bayanai suna tafiya ne ƙunshi-ƙunshi a kan wayoyi biyu, kuma dole na'urar ta gabatar da kanta ga kwamfuta kafin a saurare ta. Don haka allon zamani kusan kullum yana ɗauke da ƙaramar ƙwaƙwalwa, wato maikurokantirola, wadda ke karɓar umarni daga kwamfuta ta aiwatar a ƙafafunta. Idan ƙwaƙwalwar ba ta jin USB da kanta, sai a sa mata ɗan tafinta irin FT232R ko CP2102 ko CH340. Kwamfuta za ta ga allon tamkar tsohuwar mashigar siriyal.

Akwai dalili na biyu da ya sa ake son ƙwaƙwalwa a kan allo, kuma shi ne ya fi muhimmanci: lokaci. Kwamfuta na da sauri, amma ba ta cika alkawarin lokaci, domin tana raba hankalinta tsakanin ayyuka barkatai. Ɗauki moton servo misali, wato moton da ke juyawa ya tsaya a kusurwar da aka umarce shi. Yana son bugun wuta mai tsawon milisakan 1 zuwa 2, ana maimaita shi duk bayan milisakan 20. Idan ka ce kwamfuta ce za ta riƙa fitar da bugun nan ta USB, moton zai yi ta karkarwa. Abin da ya dace shi ne kwamfuta ta ce "juya zuwa digiri 90", ƙwaƙwalwar allon ta riƙe ƙidayar lokacin.

Wace ƙwaƙwalwa zan ɗora?

Mai farawa ya ɗauki wadda ta fi yawan masu amfani, domin duk matsalar da zai shiga wani ya riga shi shiga. Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, yana da samfurin Uno mai ɗauke da ATmega328P: ƙafafun kunnawa da kashewa guda 14, na awo guda 6, yana aiki da bolt 5. Raspberry Pi Pico na 2021 ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, yana jin USB da kansa, yana da ƙafafu 26 na aiki, amma bolt 3.3 yake amfani da shi. Shawarata ita ce a allonka na farko kada ka liƙa ƙwaƙwalwar da dalma. Sa mata mazauni ka cusa ta, domin ranar da ta ƙone ka zare ta cikin minti ɗaya.

Daga ina zan fara zanen?

Daga takarda da biro. Rubuta duk abin da allon zai kunna da duk abin da zai saurara, a gaban kowanne ka sa bolt nawa yake so da wutar da yake ja. Wannan jerin shi zai faɗa maka yawan ƙafafun da kake buƙata da girman abin ba da wuta. Ƙara ƙafafu biyu ko uku na ko-ta-kwana.

Me ƙafa ɗaya za ta iya ɗauka?

Kaɗan ƙwarai, kuma nan ne mafi yawan alluna ke mutuwa. A kan ATmega328P, abin da ake so shi ne kada ƙafa ta wuce miliamfa 20. Iyakar da ba a ƙetarewa ita ce 40, kuma duk IC ɗin gaba ɗaya kada ya wuce 200. Ƙwan LED guda ba matsala, muddin ka sa masa rasista, wato abin da ke rage wutar da ke ratsawa. Lissafin ba wuya: jan LED yana cin kusan bolt 2, saura 3 daga cikin 5. Idan kana son miliamfa 10, raba 3 da 0.01, ka sami om 300. Sai ka ɗauki mai om 330, wanda shi ne na kusa.

Rile kuwa, wato makunnin da naɗaɗɗiyar waya (koyil) ke jansa da maganaɗisu, wani abu ne daban. Koyil ɗin ƙaramin rile mai bolt 5 yana jan kusan miliamfa 70, ya ninka abin da ƙafa ke iyawa fiye da sau uku. Sai ka sa tiransista, wato makunnin da ƙaramar sigina ke buɗewa, a tsakani: ƙafar ta taɓa tiransista ta cikin rasista mai om 1,000, shi kuma ya ja wutar koyil. Idan rile ɗin da yawa ne, IC ɗin ULN2803, mai tarin tiransista a ciki, ya ɗauke maka wahala. Yana da hanyoyi 8 a jiki ɗaya, kowace tana jure har miliamfa 500 da bolt 50, sai dai ba za ka cika su duka a lokaci guda ba saboda zafi, kuma yana cinye kusan bolt 1 a kowace hanya.

Ga abin da nake roƙon kowa kada ya manta. Duk abin da ke da koyil, rile ne ko moto ko makullin maganaɗisu, yana ajiye ƙarfi a jikinsa. Lokacin da ka yanke masa wuta farat ɗaya, sai ya mayar da martani da wani tsalle na bolt wanda ya ninka na asali sau da yawa. Maganinsa dayod guda, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, irin 1N4007, a gicciye kan koyil ɗin, zoben jikinsa na fuskantar ɓangaren tabbatacciyar wuta. Na taɓa haɗa allo mai rile huɗu na bar dayod a kan guda ɗaya. Ukun suka yi ta aiki lafiya. Na huɗun kuwa, duk lokacin da ya saki, sai in ji "ƙas", ƙwaƙwalwar ta sake tashi daga farko, kwamfuta ta ce an cire na'ura. Kwana biyu na yi ina binciken manhaja, alhali laifin na kan wani wuri da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba a kan allon. ULN2803 yana da nasa dayod a ciki, amma ba sa aiki sai ka jona ƙafarsa ta 10 da wutar da ke ciyar da koyil.

Ga kaya masu jan amfa da yawa, kamar dogon zaren LED ko babban moto, MOSFET ake sawa, wani nau'in tiransista mai ɗaukar wuta da yawa. A nan ka duba suna da kyau. IRLZ44N yana buɗewa sosai da bolt 5. IRF520 da ire-irensa sai an ba su kusan bolt 10, in ba haka ba su buɗe rabi-rabi su yi ta zafi. Sa rasista mai om 10,000 daga ƙofar MOSFET ɗin zuwa ƙasa, domin a 'yan daƙiƙun da ƙwaƙwalwa ke farkawa ƙafafunta a sake suke, kuma ba ka son moto ya zabura kafin a ba shi umarni.

Me ya sa maɓallina ke karanta abin da ya ga dama?

Ɗayan biyu ne. Ko dai ƙafar a sake take, wato idan ba a danna maɓallin ba babu abin da ya riƙe ta sama ko ƙasa, har kusantar hannunka ma na iya canza ta. Rasista mai om 10,000 daga ƙafar zuwa sama, wato layin wuta, yana magance wannan, maɓallin kuma ya riƙa jan ta ƙasa. Yawancin ƙwaƙwalen suna da irin wannan rasista a cikinsu, layi ɗaya na shiri ke kunna shi. Idan wayar maɓallin doguwa ce, gara ka sa na waje mai om 4,700.

Ko kuma tsalle-tsallen ƙarfe ne. Idan ka danna maɓalli, ƙarafan ciki ba sa haɗuwa su zauna lokaci guda. Sukan taɓa su rabu sau da dama cikin 'yan milisakan, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙirga kowanne. Sa shirin ya ƙi yarda da canji sai ya tsaya daram na milisakan 20.

Zan iya haɗa na'ura mai bolt 5 da mai bolt 3.3?

Ya danganta da inda siginar ta dosa. Daga 5 zuwa 3.3 akwai haɗari: ƙafafun Raspberry Pi da na Pico ba a yi su don bolt 5 ba. Idan siginar ba mai sauri ba ce, rasista biyu sun isa, mai om 10,000 a sama da mai 20,000 a ƙasa, ka ɗauki siginar a tsakiyarsu, za ta ba ka kusan 3.3. Daga 3.3 zuwa 5 babu ƙonewa, sai dai rashin ji. ATmega328P a kan bolt 5 yana son aƙalla bolt 3 kafin ya tabbatar da lamba 1, ka ga ratar ta yi kaɗan. IC daga dangin 74HCT, kamar 74HCT245, yana ɗaukar bolt 2 a matsayin 1, ya fitar da cikakken 5. Ga layin da ke kai da komowa kamar I2C, wato tsarin da IC ke magana da juna ta wayoyi biyu, akwai ƙananan alluna masu BSS138 da aka yi don wannan.

Yaushe nake buƙatar mahaɗin haske?

Duk lokacin da siginar ta fito daga wurin da ba ka yarda da shi ba: doguwar waya da ta fita waje, inji mai bolt 12 ko 24, ko na'urar da ke da nata wutar daban. Mahaɗin haske irin PC817 yana da ƙaramin LED da tiransista mai jin haske a cikin jiki ɗaya. Haske ne kaɗai ke ƙetarawa, babu waya tsakaninsu. Ga siginar bolt 12, rasista mai om 1,000 zai ba LED ɗin kusan miliamfa 11. Ga bolt 24, sa mai om 2,200, kuma ya zama mai rabin wat, domin zai ɗumama.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya sa mahaɗin haske, sannan ya haɗe layin ƙasa na ɓangarorin biyu da waya guda. Ya gina katanga ya kuma fasa ƙofa a jikinta. Idan ka raba, to ka raba har ƙasa da abin ba da wuta. Idan kuwa ba ka raba ba, misali tiransista kawai ka sa, to a nan dole ne ƙasan biyu su haɗu, in ba haka ba siginar ba ta da abin da za a auna ta da shi.

Wutar USB za ta ishe ni?

Ga ƙwaƙwalwa da 'yan LED da ma'aunai, e. USB 2.0 na ba da bolt 5 har miliamfa 500, USB 3.0 kuma 900. Ga moto da tarin rile, a'a, ba su nasu abin ba da wuta. Moto yakan fizgi wuta mai yawa lokacin tashi, bolt ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta suma.

Idan daga bolt 12 za ka sauko zuwa 5, yi lissafin zafi tukuna. 7805, IC mai rage bolt zuwa 5, yana ƙona rarar ne kawai: bolt 7 sau rabin amfa ya ba da wat 3.5, kuma ba zai jure wannan ba sai da ƙarfen sanyaya. Ƙaramin allon rage wuta mai aiki da sauyi ya fi dacewa a nan. Sa fiyus mai warkewa da kansa a kan layin bolt 5 na USB. Sa kafasita, wato ɗan ma'ajin wuta, mai nanofarad 100 dab da ƙafar wutar kowane IC, kuma dab ɗin nake nufi, ba can gefe ba. Idan bakin USB-C ka zaɓa, kowanne daga ƙafafunsa CC1 da CC2 yana buƙatar nasa rasista mai om 5,100 zuwa ƙasa. In babu su, caja ko kwamfutar da ke da bakin USB-C ba za ta sako wuta ba.

Ƙafafuna sun ƙare. Sai na sayi babbar ƙwaƙwalwa?

Ba dole ba. 74HC595 yana mayar da ƙafafu 3 su zama mafita 8, kuma ana jera su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙarin ƙafa ba. 74HC165 yana yin haka ga shiga. MCP23017 yana ba da layuka 16 ta wayoyi biyu na I2C, tsarin da kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1982. Yana da ƙafafun adireshi uku, don haka guda 8 na iya zama a layi ɗaya, jimilla 128.

Yaya zan auna zafi ko ƙarfin batir?

Da ƙafafun awo, masu mayar da bolt ya zama lamba. Na Uno suna raba bolt 5 gida 1,024, kowane mataki kusan milibolt 4.9. Batir mai bolt 12 ya fi ƙarfin ƙafar, sai ka raba shi: om 30,000 a sama, 10,000 a ƙasa, ƙafar ta ga kashi ɗaya cikin huɗu, a shiri ka ninka da 4. Kwamfutar Raspberry Pi ba ta da ƙafar awo ko ɗaya, sai an ƙara mata MCP3008 ko ADS1115. Ka nisanta wayoyin awo daga na moto.

Wane irin yare kwamfuta da allon za su yi?

Mafi sauƙin da za ka iya karantawa da idonka. Ni nakan yi layukan rubutu: kwamfuta ta aiko "F3=1", allon ya kunna mafita ta 3 ya amsa "TO". Ta aiko "S?", ya lissafo halin duk mashigai. Amfanin wannan shi ne za ka iya gwada allon da hannu tun kafin ka rubuta manhaja. Gudun siriyal na bit 115200 a daƙiƙa yana ɗaukar sama da haruffa 11,000 a daƙiƙa, ya isa har ya yi yawa. A ɓangaren kwamfuta, yaren Python da pySerial, ƙarinsa mai magana da mashigar siriyal, sun wadatar, ga wanda kuma ba ya son ƙirƙiro nasa yaren akwai Firmata, yaren da aka riga aka shirya don wannan aiki. Ka sani cewa Uno yakan sake tashi duk lokacin da manhaja ta buɗe mashigarsa, don haka jira daƙiƙa biyu kafin umarnin farko.

Sai tambayar da nake so ka yi wa kanka tun kafin ka rubuta layi ɗaya: idan kwamfutar ta daskare, ko wani ya fizge wayar, me allon zai yi? Idan hita ce a kunne, za ta ci gaba da ci ba mai kashe ta. Sa kwamfuta ta riƙa aiko ɗan saƙon "ina nan" kowace daƙiƙa, allon kuma ya kashe duk wani abu mai haɗari idan ya yi daƙiƙa uku bai ji ba. Kunna agogon tsaro da ke cikin ƙwaƙwalwar, domin idan ita ce ta maƙale ta tayar da kanta.

Zan iya kunna kayan wutar gida da allon?

Ana yi, amma ba a allonka na farko ba, kuma ko kusa ba a kan allon gwaji mai ramuka ba. Wutar bango, ko 110 ce ko 240, tana kisa. Yi amfani da rile da aka riga aka rufe, wanda aka rubuta ƙarfinsa a jiki, a cikin akwatin da yatsa ba ya shiga, da fiyus. Idan ba ka taɓa aikin wutar gida ba, nemi ƙwararre ya haɗa wannan ɓangaren.

Yaushe zan bar allon gwaji in buga na dindindin?

Bayan kowane ɓangare ya yi aiki a gwaji. KiCad, manhajar zana allo da Jean-Pierre Charras ya fara a 1992, kyauta ne, kuma zai kai ka tun daga zane har fayilolin Gerber da masu buga allo ke karɓa. Ware ɓangaren ƙarfi a gefe guda, na sigina a ɗaya gefen. Faɗaɗa layukan da ke ɗaukar wuta: a kan tagullar da aka saba, faɗin milimita 1 na ɗaukar kusan amfa 2. Rubuta sunan kowace mahaɗa a jikin allon, sa ƙaramin LED a kan kowace mafita, kuma kafin ka tura, buga zanen a takarda daidai girmansa ka ɗora kayan a kai ka ga ko ƙafafunsu sun dace da ramukan.

Na gama liƙi. Yaya zan kunna shi karon farko?

Ba da kwamfutarka ba. Fara da mita, wuta a kashe: auna tsakanin layin bolt 5 da ƙasa ka tabbatar dalma ba ta haɗe su ba. Sannan ka ba shi wuta daga caja ko abin ba da wuta mai iyakance amfa, duk IC na waje da mazauninsu, ka auna bolt a kowane mazauni. Kashe, cusa IC ɗaya, kunna, ɗora yatsa a bayansa. Idan ya yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba, cire wuta ka duba ko ka juya shi. Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai komai ya zauna lafiya za ka kawo kwamfuta, ita ma ta cikin mararrabar USB mai nata wutar, kuma a gwajin farko ka sa LED a gurbin moto da rile.